Ƙonni, Malbaza, Illela: a bar wa gari dandalinsa

Wanda ya bi hanyar ƙasa mai lamba 1 daga Dogondutsi zuwa Madawa, ko ya karkata a Tsarnawa ya nufi Badagishiri da Illela, ba ya bukatar wani masani ya gaya masa cewa garuruwan wannan yanki suna kumbura. Ƙonni, wadda ƙidayar 2012 ta samu da mutum fiye da dubu 60, ta daɗe da fita daga tsohuwar ganuwarta. Malbaza, da aka ɗaga ta zama gunduma a 2011, tana neman inda za ta zaunar da ofisoshinta da ma'aikatanta. A Illela ma gonakin bakin gari suna komawa gidaje. Ko'ina ana yankan filaye, ana kafa turaku, ana zana sabuwar tsakiyar gari bisa takarda. A takardar nan ana ganin kasuwa da tasha, ana ganin masallaci da ofisoshin hukuma. Wurin da mutanen gari za su taru da marece su yi kallo, su yi wasa, su sha iska, shi ake bari sai daga baya, kuma sau da yawa wannan «daga baya» ba ta zuwa har abada.

Wasu za su ce a ƙasar da ke fama da matsalar tsaro da tsadar hatsi, zancen wurin shaƙatawa zancen ƙoshi ne. Masu wannan magana su dubi fuskar garin iyaka bayan sallar isha'i. Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Samarin Ƙonni sun yi shekara da shekaru suna rayuwa da man ruwa-ruwa, da kabu-kabu, da dakon kaya tsakaninsu da Illela ta Najeriya (wadda baƙi kan rikita da Illela ta jihar Tawa). Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, ribar kwalba ta ragu, hannaye da yawa sun koma zaman banza. Saurayin da ba shi da aiki da rana, darensa yana da tsawo, kuma akwai masu jiran cika masa shi: mai sayar da ƙwayar tramol, mai teburin caca, da ƴan bindigar da ke kai da komo tsakanin dazuzzukan iyakar Sakkwato da jihar Tawa suna neman ƴan aike. Hukumar da ta ƙi zaɓa wa wannan saurayi wurin zama, ta bar wa waɗannan mutane su zaɓa masa.

Kakanni sun amsa wannan tambaya tun kafin zuwan masu taswira. A garin Hausa na da, gaban ƙofar fada akwai dandali. Nan ƴan mata ke gaɗa da farin wata, nan samari ke gwada ƙwanji bayan girbi, nan yara ke langa, nan ake tashe cikin azumi, dattawa kuma suna gefe ƙarƙashin icce suna dara, ido ɗaya bisa ramuka, ɗaya bisa ƴaƴansu. Dandali yana tsakiyar gari, babu mai biyan ko dala kafin ya shiga, kuma abin da ake yi cikinsa kowa yana gani. Bayan da rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Ƙonni ta karkashe mutanenta a watan Mayu na 1899, mulkin da ya biyo baya ya zo da wani tsari na dabam: bariki gefe guda, ofisoshi da filin fareti domin kwamanda, talakka kuwa ya nemi inda zai tsuguna. Abin takaici, taswirar da ake zanawa a yau ta fi kama da ta bariki fiye da ta kakanni.

Mulkin Janar Seyni Kunce, duk da zafin hannunsa, ya fahimci cewa matasa suna bukatar fage. Ya farfaɗo da Samariya, aka gina mata gidaje a unguwanni da aikin gayya, aka yi wasannin kwaikwayo da gasar matasa ta ƙasa. A zamaninsa ne kuma aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi na farko. Babu mai musun cewa Samariya ta kasance kunnen gwamnati da tafin gwamnati. Sabili da haka ne babban taron ƙasa na 1991 da guguwar jam'iyyu barkatai suka yi awon gaba da ita. Amma an haɗa tsaba da ƙaiƙayi an watsar. Demokaraɗiyya ta rushe ƙungiyar, ba ta kafa komi a gurbinta ba, sai matasa suka ƙago tasu mafita: tabarma bakin titi, butar shayi, rediyo, da sunan fada da aka rubuta a jikin bangon wani. Ƴan siyasa sun san hanyar fada sarai in zaɓe ya matso, da fakitin sukari da ganyen shayi a hannu. Fili mai takarda da fitila kuwa, ƙalilan ne suka taɓa tunanin ba ta.

Jihar Tawa ta riga ta ga yadda gwamnati ke zaɓar wuraren shaƙatawa idan ta tashi gyaran birni. Bikin 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya, da aka riƙa kewayawa da shi jiha-jiha, ya sauka Tawa a 2007 zamanin Tanja Mamadu. Ya sake dawowa a 2017 da sunan Tawa Sakola, bayan Doso Sogha a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015 da Agadas Sokni a 2016, ƙarƙashin shugaba Isufu Mahamadu, wanda shi kansa ɗan Dandaji ne ta gundumar Illela. Gaskiya a faɗe ta: Tawa ta samu kwalta da fitilu da gine-ginen da ba ta taɓa gani ba. Sai dai jerin ayyukan a Yamai aka tsara shi, kuma bukatar faretin yini guda ce ta ja ragamarsa: rumfar manya, faffaɗan titin da sojoji za su taka, masaukin baƙi, ado a shataletale. Bayan an naɗe tabarmar biki, wuraren da suka ci gaba da numfashi su ne waɗanda dama suna da jama'arsu da lokutansu, irin filin kokowa na Hamidine Maidare da gidan al'adu na Albarka Cibau a garin da ya saba karɓar gasar mawaƙa ta Ɗan Gurmu. Rumfar manya kuwa takan yi wata da watanni tana jiran wata ranar fareti, rana na dukanta, ƙura na rufe ta. An miƙa wa ƙananan hukumomi makullai, ba a haɗa musu da kuɗin shara, na wuta, na mai gadi ba. Shirin ya tsaya ga manyan biranen jihohi. Ƙonni da Malbaza da Illela ƴan kallo suka kasance. Yanzu da suke zana tasu tsakiya da ɗan abin da ke aljihunsu, haɗarin da ke gabansu shi ne su kwafi abin da suka gano a Tawa su rage masa girma, su kira shi ci gaba.

Abu na farko da kan zo bakin manyan gari idan aka tayar da wannan zance shi ne babban ɗakin taro mai na'urar sanyi. Ɗaki ne mai kyan hoto ranar buɗewa. Amma wa ke shigarsa? Mai aurar da ɗiya da ke da kuɗin haya, da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji masu taron bita. Wannan sana'a ce, kuma halas ce. Ɗan kasuwar da ya ga riba ya sayi fegi ya gina. Babu dalilin da zai sa a zuba harajin mai tallan goro, ko a ba da fili mafi tsada na gari, domin ɗakin da mai tallan goro ba zai taɓa wuce bakin ƙofarsa ba.

Na biyu shi ne gidan sinima, wanda waɗanda suka yi samartaka a shekarun 1970 da 1980 ke tunawa da shauƙi. Gidajen sinima na Yamai da Maraɗi da Damagaram sun yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya tun da kaset ɗin bidiyo ya shigo gidaje, kuma a yau finafinan Kano da na Indiya suna cikin wayar kowane yaro. Ga kuma maganar kuran. Wutar wannan yanki ta daɗe tana dogaro da layin da ke fitowa daga Katsina ta Gazawa da Maraɗi, kuma kowa ya ɗanɗana abin da hakan ke nufi a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Tashar hasken rana ta Malbaza mai ƙarfin megawat 7, da aka buɗe a 2018, da rana take aiki, alhali kallo da dare ake yinsa. Marigayi Mustafa Alasan, ɗaya daga iyayen sinimar Afirka, wanda ya zaɓi zama a Tawa har ƙarshen rayuwarsa a 2015, ya nuna wata hanya tun da daɗewa: ya ɗauki majigi ya bi ƙauyuka da shi. Farin bango da majigi da sararin sama sun wadatar, ko fim za a nuna ko wasan ƙwallo.

Abin da ya kamata a sa gaba shi ne filin kokowa, a kuma gina shi da niyyar ya zama dandalin gari. Kokowa ita ce wasan da ɗan Adar zai bar abincinsa domin ya gani, ita ce ke tsayar da ƙasa cak lokacin gasar takobi, kuma ita ce kaɗai nishaɗin da malami da ɗan boko, attajiri da ɗan dako, ke zama bisa matakala ɗaya su kalla. Gininsa ba shi da wuya: da'irar rairayi, matakalan siminti, katanga mai ƙofofi da yawa domin fita ba tare da turereniya ba, famfo, makewayi na maza dabam na mata dabam, fitilu masu aiki da hasken rana, da layin bedi kewaye. Simintin ma a Malbaza ake yinsa tun shekarun 1960. Ba ya cin kuran ɗin na'urar sanyi, ba shi da gilashin da zai fashe ko kujerun da za a sace. Ranar kokowa ko dambe a sayar da tikiti, kuɗin su shiga asusun gyara da kowa ke iya dubawa. Sauran ranaku a bar ƙofa buɗe: ƴan wasan kwaikwayo, makaɗa, musabaƙar karatun Alƙur'ani, wa'azi, taron manoman fadamar Ƙonni, bikin ƙarshen shekara na ƴan lakwal, duk su yi layi bisa tsarin da aka manna a bakin ƙofa.

Za a ce fili a tsakiyar gari ya yi tsada a ba rairayi, kuma ganga za ta hana maƙwabta barci. A kai shi bayan gari mana. Nan ne kuskuren yake. Filin da ke nesa da gari sai mai kuɗin kabu-kabu ke zuwa, yaro ba ya zuwa, mace ba ta zuwa, kuma da dare ya zama mafakar abin da aka gina shi domin a kora. Maganar ƙara kuwa da agogo ake maganinta: a tsai da lokacin tashi, a kiyaye lokutan salla. Game da tsada, meri da ta lissafa abin da za ta samu in ta yanka wurin ta sayar, ta lissafa har da harajin shaguna da masu abinci da za su kewaye dandali mai jama'a shekara bayan shekara. Kuɗin fegi sau ɗaya ake karɓarsu.

Masu zana taswira kusan duk maza ne, kuma suna zana wa maza. Fada ta maza ce, gidan kallon ƙwallo na maza ne, inuwar bakin tasha ta maza ce. Ƴar da kakarta ta yi gaɗa a dandali, yau ba ta da inda za ta tsaya a tsakiyar garinsu sai da faranti bisa kai. Lambu mai haske a gefen filin, da benci, da wurin wasan ƙananan yara, da rumfunan masu ƙosai da awara da aka ba izini, shi zai sa uwa ta fito da ƴaƴanta da la'asar ba tare da wani ya ɗaga gira ba. Inda mata da yara ke zama, ɗan ƙwaya ba ya son wurin.

Saura maganar da kowa ya sani, kowa kuma yake kauce mata: mashaya, gidajen caca da gidajen mata masu zaman kansu. Tun da jihohin Zamfara da Sakkwato suka kafa shari'a a shekara ta 2000, wani kaso na wannan harka ya ƙetaro iyaka ya sauka a garuruwan Nijar da ke bakin hanya, kuma Ƙonni tana cikinsu. Akwai masu ganin kuɗi ne ke shigowa, a bar su su bunƙasa har cikin sabuwar tsakiya. Su tuna cewa cinikin da ya dogara da baƙon dare yana mutuwa ranar da aka saukar da sandar duwan: iyaka ta kasance rufe daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ta sake rufewa daga 2023 zuwa Maris 2024. Garin da ya gina zuciyarsa domin baƙo, da baƙo ya ɗauke ƙafa zai wayi gari da kango. Akwai kuma masu cewa a share su baki ɗaya, a huta. Su ma su tuna da watan Nuwamba na 2000, lokacin da zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA ta rikiɗe a Maraɗi ta zama ƙone-ƙonen mashaya da gidaje. Harkar ba ta mutu ba, lungu ta shige, inda babu lasisi, babu likita, babu jandarma. Abin da hankali ke ɗauka shi ne kada a ba waɗannan wurare ko taku ɗaya na filin jama'a, kada su kusanci makaranta ko masallaci ko dandali, kuma waɗanda doka ta yarda su buɗe su kasance a wurin da aka sani, da lasisi, da lokacin rufewa, da haramcin shigar yara. Hukumar da ke karɓar harajinsu da rana tana cewa ba ta san da su ba da dare, kitso take yi da ƙwarƙwata.

Malamai suna da ta cewa a wannan sha'ani, kuma gara a ji ta tun ana zane. A watan Yuli na 2016 gwamnatin tarayyar Najeriya ta ba da sanarwar gina alƙaryar shirya finafinai a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji a jihar Kano, da kuɗi naira biliyan 3. Daga sama aka jefo maganar, ba a zauna da kowa ba. Malamai suka hau mumbari, cikin ƴan kwanaki aka soke shirin. Ƴan fim ba su samu wurin aiki ba, malamai kuma ba su hana ko fim ɗaya shiga wayar ƴaƴansu ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Limamin da aka gayyata tun farko, aka nuna masa inda ƙofar mata take da ƙarfe nawa ake kashe fitila, da wuya ya zama mai hura wuta daga baya. Amma gayyata shawara ce. Ba ta ba kowa ikon hana gari dandali.

Kada kuma a ɗinka wa garuruwan uku riga ɗaya. Ƙonni garin mahaɗa ce, ba ta barci, tana bukatar wuri babba mai ƙofofi da tsaro. Malbaza garin ma'aikata ce da ƙurar siminti. Inuwa da itatuwa da filin ƙwallo sun fi mata komi, kuma ba laifi ba ne a nemi masana'antar da ke cin dutsen yankin ta sa hannu a aljihu. Illela ƙasar ƴan ci-rani ce, samarinta suna Abijan, Libiya ko Najeriya rabin shekara. Dandalinta zai cika ne bayan girbi da lokutan salla, sauran lokaci mata da yara da ƴan makaranta ne masu shi, da su ya kamata a auna shi.

Dukan wannan muhawara ba ta da amfani in babu ƙasar da za a yi ta a kai. Dokar tsara birane ta tanadi a ware wa jama'a wurare a kowane yankan filaye, amma ƴan Nijar sun san makomar irin waɗannan filayen ajiya. A ƙasar da gwamnati da kanta ta taɓa biyan ma'aikata bashin albashi da fegi, an saba ɗaukar fili kamar asusun da ake fasawa ranar ƙunci. Yau a gutsuri kusurwa a ba wani mai faɗa-a-ji, gobe a ba da hayar gefe ga mai gidan mai, jibi a wayi gari filin wasa ya zama jerin shaguna, kowa da takardarsa mai hatimi. Gini yana iya jiran shekara 10 kafin a samu kuɗinsa. Fili in ya tafi sai dai a rushe gidan wani, kuma babu hukumar da ke da wannan ƙarfin hali.

Tun watan Afrilu na 2024, da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi da aka zaɓa a Disamba 2020, kantomomi ne aka ɗanka wa ragamar garuruwa. Wanda aka naɗa ba ya tsoron akwatin zaɓe, kuma babu kansilan adawa da zai miƙe ya ce a karanto lambar fegi. Wannan ya ƙara masa nauyi bisa wuya: sa hannunsa guda na iya sayar da dandalin jikoki, sa hannunsa guda kuma na iya tsare shi. Abin da ake jira daga kantomomin Ƙonni, Malbaza da Illela, tare da perfe-perfe da sarakunan gargajiya, bai kai kuɗin buhun siminti ɗari ba. Su manna taswirar kowane sabon yanka a ƙofar meri, a karanta ta da Hausa a gidajen rediyon gari. Su nuna filin dandali da lambarsa da faɗinsa, su yi masa takardar mallaka da sunan jama'ar gari yadda ba mai iya sayar da shi ko ba da hayarsa, su ba sarki da ƙungiyoyin matasa da na mata kwafinta. Sa'an nan a kafa turakun siminti a kusurwa huɗu, a dasa bedi kewaye kafin damina ta wuce, a bar yara su fara buga ƙwallo a ciki tun kafin a samu kuɗin bulo na farko.